Yadda Ake Tsara Hanyar Sadarwa Mai Jure Katsewa: Tambayoyi da Amsoshi Daga Sakkwato

Waɗannan su ne tambayoyin da shugabannin makarantu, masu cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa da ɗaliban fannin injiniya suke yawan yi mana a nan Sakkwato duk lokacin da maganar shimfiɗa hanyar sadarwa ta taso. Mun tattara su wuri ɗaya domin mai shirin kashe kuɗinsa ya san abin da zai tambayi ɗan kwangila kafin a fara haƙa rami.

Tunda kowace na'ura tana lalacewa, me ake nufi da hanyar sadarwa mai jure katsewa?

Ana nufin hanyar da aka tsara tun farko da sanin cewa waya za ta tsinke, wuta za ta ɗauke, na'ura za ta ƙone, ma'aikaci kuma zai yi kuskure, aka kuma shirya yadda saƙo zai ci gaba da isa inda aka aika shi a ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru. Sayen kaya masu inganci yana rage yawan lalacewa, amma ba ya kawar da ita. Saboda haka tambayar da mai tsarawa yake yi a kan kowace waya da kowane akwati da ke cikin zanensa ita ce: idan wannan ya mutu yau da dare, su wa za su rasa sabis, kuma na tsawon wane lokaci? Duk wurin da amsar ta zama "kowa da kowa", to an gano maƙogwaron hanyar, kuma a nan ya kamata kuɗi ya fara zuwa.

Daga ina wannan tunani ya samo asali?

A farkon shekarun 1960 wani injiniya mai suna Paul Baran, wanda yake aiki a cibiyar bincike ta RAND a Amurka, ya yi nazarin yadda za a gina hanyar sadarwa da za ta ci gaba da aiki ko da an ruguza wani babban ɓangarenta a yaƙi. Wayar tarho ta lokacin tana tara komai a manyan cibiyoyi, ta yadda rushewar cibiya ɗaya take raba garuruwa masu yawa da juna. A rahotannin da ya fitar a 1964 ya nuna cewa idan kowace tasha tana da mahaɗa uku ko huɗu zuwa maƙwabtanta, aka kuma daddatsa saƙo ƙanana-ƙanana kowane yanki ya nemi hanyarsa, to hanyar za ta jure ɓarna mai yawa. A daidai wannan zamani Donald Davies a Ingila ya kai ga irin wannan dabara ta daddatsa saƙo ba tare da ya san aikin Baran ba, kuma a kan wannan tushe aka gina ARPANET a 1969, wadda daga gare ta intanet ta tsiro.

Lissafin da ke ƙarƙashin abin ya girmi kwamfuta. A 1927 masanin lissafi Karl Menger ya tabbatar da cewa mafi ƙarancin adadin wuraren da za a cire don raba tashoshi biyu daidai yake da adadin hanyoyin da ke tsakaninsu waɗanda ba su yi tarayya a wuri ko ɗaya ba. Sharaɗin rashin tarayyar nan shi ne jigon duk abin da zai biyo baya a wannan shafi.

Kamfani ya rubuta a yarjejeniya cewa sabis ɗinsa yana aiki kashi 99.9 cikin 100. Shin wannan ya isa?

Sai an mayar da shi zuwa awoyi kafin a gane nauyinsa. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 99 cikin 100 yana nufin an yarda sabis ya ɗauke na kimanin awa 88 a shekara, wato fiye da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 yana nufin kusan awa 9, kashi 99.99 kimanin minti 53, kashi 99.999 kuma minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi. Ko ya isa ko bai isa ba ya danganta da aikin. Awa tara a shekara ba komai ba ne ga ɗakin karatu, amma idan awa taran nan suka faɗo a ranar da ɗalibai suka cika zaure suna rubuta jarrabawar JAMB, to asarar ba ta misaltuwa.

Abu biyu ne suke haifar da wannan adadi: yawan lokutan da hanya take katsewa, da tsawon lokacin da gyara yake ɗauka. Mutane sukan mai da hankali kan na farko su manta da na biyu, alhali a gari irin namu na biyun ne ya fi ciwo. A ɗauka, a matsayin misali, waya tana tsinkewa sau ɗaya a wata. Idan kowane gyara yana cin awa 12 domin sai an jira masu gyara da kayansu sun taso daga wani gari, an yi asarar awa 144 a shekara. Idan akwai ma'aikata da kayan gyara a cikin Sakkwato har gyaran ya koma awa 4, asarar ta sauko zuwa awa 48, ba tare da an sauya ko mita ɗaya na wayar ba. Don haka idan ana karanta yarjejeniya, a nemi sakin layin da ya faɗi awoyin da kamfani ya ɗauki alkawarin kammala gyara, da inda ma'aikatan gyaransa suke kwana, da abin da zai biya idan ya saɓa.

Na sayi layi biyu daga kamfanoni biyu daban. Ba shi ke nan na tsira ba?

A kan takarda, ƙwarai kuwa. Layi biyu da kowanne yake aiki kashi 99 cikin 100, idan babu abin da ya haɗa su, za su mutu tare ne kawai sau 1 cikin 10,000, wato sun ba da kashi 99.99. Sai dai lissafin yana tsayawa ne bisa sharaɗin cewa babu abin da ya haɗa su, kuma a zahiri abubuwan da suke haɗa su suna da yawa, galibinsu kuma ba a ganinsu daga ofis.

Mutanen Sakkwato sun ga wannan da idonsu a ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wajen Kwalkwalawa. Kafin ranar, mai zuwa jami'a yana da zaɓi: ya hau bas, ya shiga tasi, ya tari ɗan kabu-kabu, ko ya tuƙa motarsa. Da gadar ta tafi, duk zaɓin nan ya tafi tare da ita, domin kan gada ɗaya kowa yake bi. Haka layuka biyu suke idan a rami ɗaya aka binne su.

Tarayyar takan faru a matakai daban-daban. Kamfanonin waya a Nijeriya sun sayar da yawancin ƙarafan sabis ɗinsu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da ATC, ta yadda ƙarfe ɗaya yakan ɗauki eriyoyin kamfanoni biyu ko uku, janareta ɗaya yana ba su wuta. Mai POS da ya sa layuka biyu a na'urarsa zai iya rasa su a lokaci guda ranar da man wannan janareta ya ƙare. A matakin wayar fayiba kuma, ƙaramin kamfani yakan yi hayar zare ne daga cikin kebul ɗin babban kamfani, sai ka ga rasit biyu da sunaye biyu amma kebul ɗaya ne a ƙasa. Ko da kebul ɗin daban-daban ne, manyan titunan da suke fita daga Sakkwato zuwa sauran ƙasa ba su da yawa: akwai wanda ya bi ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa zuwa Zariya, akwai kuma wanda ya bi ta Tambuwal da Jega da Yawuri zuwa Kwantagora. Wayoyi suna bin gefen titi ne, kuma a bakin gada ko kwalbati dole dukkansu su matse su wuce ta wuri ɗaya. Layuka biyu da suka bi ta Gusau duka, layi ɗaya ne a wurin katafilar da ke gyaran wannan titi.

Har a cikin teku haka abin yake. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a lokaci guda daura da gaɓar Kwaddebuwa, intanet da ayyukan bankuna suka rikice a Nijeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin. Kamfanoni da yawa sun ɗauka sun kare kansu tunda sun sayi hanya a kan biyu ko uku daga cikin wayoyin, ba su lura cewa duka huɗun sun ratsa yanki ɗaya na ƙasan teku ba. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu damar karkata zuwa wata waya da abin bai shafa ba, irin Equiano ta kamfanin Google wadda ta iso Legas a 2022.

To ta yaya zan gane ko layukana biyu sun yi tarayya?

Da tambaya da kuma tafiya da ƙafa. A nemi kowane kamfani ya ba da taswirar hanyar da wayarsa ta bi tun daga ƙofar ginin har zuwa cibiyarsa, daga can kuma zuwa Abuja ko Legas, sannan a ɗora taswirorin biyu a kan juna a duba inda suka haɗu. Kamfanin da ya ƙi nuna taswira gaba ɗaya, a rubuta masa a yarjejeniya cewa ya tabbatar hanyarsa ba ta haɗu da ta wancan ba, kuma zai sanar kafin ya sauya ta, domin sukan sauya hanya bayan wani gyara ba tare da sun faɗa wa kowa ba.

Bayan haka a fita waje. A sa a ɗaga murfin ramin da ke bakin ƙofa a leƙa: sau da yawa za ka tarar da kebul biyu, ɗaya baƙi ɗaya mai ratsin launi, sun fito daga bututu ɗaya, sun kwanta cikin laka ɗaya, sun shiga ginin ta huda ɗaya a jikin bango. Daidai shi ne ɗaya ya shigo ta gabas ɗaya ta yamma, kowanne ya sauka a na'urarsa, kowace na'ura kuma da tushen wutarta. Akwai kuma shaida mafi sauƙi da ba ta cin ko sisi: a ajiye littafi a rubuta rana da lokacin da kowane layi ya ɗauke. Idan bayan wata shida aka ga suna yawan ɗaukewa tare, an sami amsa ko da kamfanonin sun musanta.

Muna da rassa da yawa a cikin gari. Wane irin zane ya kamata mu bi wajen haɗa su?

A ɗauka rassa goma ne, har da hedikwata. Idan aka ja waya daga kowane reshe zuwa hedikwata, ana bukatar waya 9 kacal, amma kowane reshe yana rataye da zare ɗaya, mutuwar hedikwata kuma mutuwar kowa ce. Idan aka haɗa kowane reshe da kowane reshe kai tsaye, ana bukatar waya 45, abin da babu mai iya biya. Tsakanin biyun akwai zobe: waya 10, kowane reshe yana da maƙwabci a dama da hagu, duk inda aka sare zoben saƙo sai ya juya ya bi ta ɗaya gefen. Ƙarin waya ɗaya tak a kan tsarin farko ya sayo kariya daga kowace tsinkewa guda, shi ya sa zobe ya zama ginshiƙin hanyoyin cikin gari a ko'ina.

Raunin zobe shi ne sara na biyu. Idan waya ta tsinke a wuri ɗaya babu wanda yake jin komai, kuma a nan haɗarin yake, domin idan babu na'urar da ke sa ido ta yi ƙararrawa, za a iya yin makonni ana tafiya da ƙafa ɗaya ba a sani ba, sai ranar da aka sare wuri na biyu zoben ya rabe. Babban zobe ya fi fuskantar wannan, don haka gara ƙananan zobba biyu ko uku da suke haɗuwa a cibiyoyi biyu, ko a ja waya ɗaya ta ratsa tsakiyar babban zoben.

Sai batun nauyi. Ranar da gefe ɗaya ya mutu, gefen da ya rage shi zai ɗauki kayan duka biyun. Idan kowane gefe yana cike da kashi 70 cikin 100 a ranar lafiya, to a ranar katsewa ana neman cusa 140 a inda ke ɗaukar 100. Ƙa'idar ita ce kada ɗayansu ya wuce rabin ƙarfinsa a lokacin da aka fi cunkoso.

A Sakkwato, me ya fi kashe sabis?

Wuta da haƙa. Ita kanta wutar lantarkin jihar a ƙarshen dogon layi take: tana tasowa daga Kainji zuwa tashar Birnin Kebbi, daga can layi mai ƙarfin kilobolt 132 ya kawo ta Sakkwato. Da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023, Kebbi da Sakkwato da wani ɓangare na Zamfara duk sun shiga duhu. Saboda haka mai tsara hanyar sadarwa a nan yakan ɗauki wutar nefa a matsayin ƙari idan ta samu, ya gina lissafinsa a kan sola da batir da janareta.

Lissafin batir ba shi da wuya. Idan rauta da suwic, wato na'urorin da ke rarraba saƙo, da akwatin fayiba gaba ɗaya suna jan wat 100, riƙe su na awa 10 yana bukatar wat-awa 1,000. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma idan irin na dalma ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, ga kuma abin da infata take ci, don haka da ƙyar zai kai awa goman. Abin da ake yawan mantawa shi ne zafi. An ƙiyasta rayuwar batirin dalma ne a ma'aunin zafi 25, kuma kowane ƙarin kusan digiri 10 yana rage ta da rabi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura 40 a inuwa, batirin da aka kulle a ɗaki mai rufin kwano babu taga yakan kumbura, gefensa ya bultso, farin gishiri ya taru a kan ƙusoshinsa, alhali fitilar infata tana nuna kore kamar lafiya lau. Batirin lithiyam ya fi jure wannan hali, amma shi ma yana son iska da inuwa. A hunturu kuma ƙura takan lulluɓe farantin sola ta toshe matatar iskar na'urori, sai a sa sharewa cikin aikin mako-mako. Da damina ta kama, aradu ce abin tsoro, kuma maganinta sandar ƙarfe mai kai wutar aradu cikin ƙasa da aka binne da kyau. A busasshiyar ƙasa mai yashi irin tamu sai an auna ta da na'ura, ba a wadatu da ganin an soka ƙarfe ba.

Game da haƙa, aikin titi da magudanar ruwa da shimfiɗa bututun famfo su ne suka fi tsinka fayiba, sai ɓarayi da suke sare ta da zaton akwai tagulla a ciki alhali gilashi ne. A 2024 gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya, kuma wannan mataki ne mai kyau, sai dai abin da ya fi hana ɓarna a aikace shi ne a binne waya da zurfi cikin bututu, a shimfiɗa kintinkirin gargaɗi a samanta, a kafa alamomi, kuma 'yan kwangilar titi su sanar kafin su sa katafila.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin gyara zai fahimci dalilin da ya sa yake cin lokaci. Da farko ana harba haske cikin zaren daga cibiya, na'ura ta auna inda ya dawo ta ce tsinkewar tana kilomita kaza. Sai a je a tono bakin biyu, a feɗe rigunan kebul ɗin, a fito da zaruruwa masu kaurin gashin kai, a goge kowanne da sinadari, a yanke bakinsa daidai, a sa a injin da ke narkar da su ya liƙe. Kebul ɗaya yana iya ɗaukar zare 24 ko 48 ko 96, kowanne sai an bi shi da launinsa, kuma ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗi, shi ya sa a hunturu masu aikin suke shigewa cikin mota su rufe gilashi.

Tsakanin fayiba, rediyo da tauraron ɗan'adam, wanne ya fi?

Fayiba ta fi kowanne ɗaukar kaya da sauri, don haka ita ce ta dace da babban layi. Amfanin sauran shi ne abin da ke kashe su daban yake da abin da ke kashe ta. Katafila ba ta iya sare rediyon da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, amma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi, musamman a mitar da ta haura gigahaz 10, kuma sabon bene ko itacen da ya girma a tsakani yana iya tare shi. Tauraron ɗan'adam ba ruwansa da titin Gusau ko na Jega. Irin wanda yake tsaye a nisan kusan kilomita 36,000, kamar NigComSat-1R da aka harba a 2011, yana da jinkirin fiye da rabin daƙiƙa a zuwa da dawowa, abin da ake ji a hirar murya. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, taurarinsa suna kusan kilomita 550 ne, jinkirinsa kaɗan ne, amma shi ma hadari mai nauyi yana taɓa shi, kuma yana jan wuta fiye da ƙaramin rauta. A ra'ayinmu, ga ofis ko asibiti a Sakkwato, fayiba ɗaya da wani layi na sama ɗaya sun fi fayiba biyu da ba a tabbatar da hanyarsu ba.

Idan layi ya mutu, wa yake juya saƙo zuwa ɗaya layin?

Na'urorin ne da kansu, idan an saita su. Tsofaffin zobban fayiba na kamfanonin tarho an gina su ne su juya cikin daƙiƙa 0.05, kafin mai magana ya ji komai. A cikin hanyar ma'aikata ɗaya ana amfani da tsari irin OSPF, inda rautoci suke gaya wa juna halin kowace mahaɗa su sake lissafin hanya. Tsakanin kamfani da kamfani kuwa wani tsari mai suna BGP ne yake aiki, kuma babbar ma'aikata kamar jami'a tana iya neman lambarta da adireshinta daga AFRINIC, hukumar da ke rabon adireshin intanet a Afirka, domin ta haɗu da kamfanoni biyu ba tare da adireshinta ya sauya ba. Idan aka bar BGP yadda ya zo, yakan ɗauki minti ɗaya da rabi zuwa uku kafin ya gane maƙwabcinsa ya mutu, shi ya sa ake haɗa shi da wani tsari mai suna BFD da ke ganowa cikin ƙasa da daƙiƙa.

Ga ƙaramin ofis, rauta mai karɓar layi biyu ya wadatar, da sharaɗi ɗaya: a saita shi ya riƙa gwada isa wani wuri mai nisa a intanet. Sau da yawa wayar da ke tsakaninka da kamfani lafiyarta ƙalau, can gaba ne hanya ta yanke, rautan da fitilar waya kawai yake kallo kuwa ba zai taɓa juyawa ba.

Idan an ninka komai biyu, akwai sauran abin da zai iya kashe hanya gaba ɗaya?

Akwai, kuma shi ne hannun mutum. Na'urori biyu da aka ba umarni ɗaya na kuskure tare suke faɗuwa. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga intanet na kimanin awa 6, ba don wata waya ta tsinke ba. Umarni ne da aka bayar yayin aikin kula da hanya ya katse cibiyoyin kamfanin daga juna, kuma kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa a kan wannan hanyar da ta mutu suke, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu. A watan Yuli na 2022 kuskuren saiti ya durƙusar da kamfanin Rogers a Kanada, miliyoyin mutane suka rasa waya da intanet, har kiran lambar gaggawa ya gagari wasu.

Matakan kariya sanannu ne, bin su ne yake bukatar horo. Kada a yi sauyi a na'urori biyun a dare ɗaya. A taɓa ɗaya, a jira a gani. Kowane sauyi a rubuta shi tare da yadda za a janye shi, wani ma'aikaci na biyu ya duba. A ajiye kwafin saitin kowace na'ura a wurin da ba ya bukatar hanyar kafin a kai gare shi. A tanadi wata ƙofar baya, ko da ƙaramin modem ne mai layin wani kamfani, da za a shiga na'urori ta cikinta ranar da babbar hanya ta mutu. Kuma kada kalmar sirri da sanin yadda aka haɗa komai su zauna a kan mutum ɗaya, domin shi ma yana tafiya Hajji, yana rashin lafiya, yana sauya wurin aiki.

Me ya sa wani lokaci sabis yana cike a waya amma tiransifa ba ta tafiya?

Domin sandunan da ke fuskar waya suna nuna ƙarfin haɗinka da ƙarfen sabis ne kawai. Bayan ƙarfen akwai fayiba, akwai cibiyar kamfani, akwai sabar banki, wato kwamfutar da ke riƙe bayanansa, akwai cibiyar da ke sasanta kuɗi tsakanin bankuna, kuma tsaikon ɗaya ya isa. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, jama'a sun koma tiransifa da POS gaba ɗaya, na'urorin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin ba tare da wani abu ya karye ba. Cunkoso ma nau'in katsewa ne, kuma ana shirya masa ta hanyar barin sarari da fifita muhimman saƙonni a kan kallon bidiyo.

A 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi da dama. Akwai tsarin da zai jure irin wannan?

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, saboda matsalar tsaro. Wannan umarnin hukuma ne, ba aikin injiniya ba ne ya nemi hanyar kauce masa. Abin da ya koya mana shi ne tambayar da ta wuce ta ninka layi: wane aiki ne zai iya ci gaba idan babu intanet sam? Asibitin da bayanan marasa lafiyarsa suke kan saba a cikin harabarsa zai ci gaba da duba kati da rubuta magani, ya aika kwafi waje idan hanya ta dawo. Wanda komai nasa yake wata ƙasa zai koma takarda a ranar farko. Makaranta ma tana iya ajiye littattafai da darussa a sabar cikin gida.

Wannan tunani yana aiki a matakin ƙasa. Cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006 kuma take da rassa har da Abuja da Kano, tana sa saƙon da ke tsakanin kamfanonin cikin gida ya tsaya a cikin gida maimakon ya je Turai ya dawo. Duk abin da aka ajiye kusa, tsinkewar teku ba ta hana isa gare shi.

Kuɗinmu kaɗan ne. Da me za mu fara?

Da wuta, domin ita ce ta fi yawan ɗaukewa kuma ita ce ta fi arahar gyarawa: batir da sola da suka isa su riƙe na'urorin sadarwa su kaɗai, a ware su daga layin fanka da firji. Sai layi na biyu mai bin wata hanya dabam, ko da ƙarami ne da zai ɗauki muhimman ayyuka kawai. Sai kayan canji a cikin kabad, wato rauta da aka riga aka saita, abin cajinsa, da 'yan wayoyin haɗi, domin jiran saƙo daga Kano ko Legas yakan mai da matsalar minti goma ta zama ta kwana uku. Na'ura mai tsada tana zuwa ne bayan waɗannan.

Ta yaya za mu tabbatar duk wannan shiri zai yi aiki ranar da ake bukatarsa?

A gwada shi da gangan. A zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, a sanar da ma'aikata, a zare wayar babban layi da hannu, a riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa za a ɗauka kafin na biyu ya karɓa, sannan a buɗe ainihin manhajojin da ake aiki da su a tabbatar suna tafiya, domin wasu bankuna da hukumomi suna karɓar haɗi ne daga adireshin da suka sani kaɗai. A mayar da wayar a ga ko zai koma da kansa. A wata rana kuma a kashe wutar nefa da janareta a bar batir ya ɗauki nauyi har awoyin da aka ƙiyasta. A nan ne ake gano layin ajiya da datarsa ta ƙare tun watanni, da katin waya da kamfani ya rufe saboda an daɗe ba a yi amfani da shi ba, da batirin da ke faɗuwa bayan minti ashirin. A maimaita gwajin aƙalla sau ɗaya kowane wata uku, a ƙara ɗaya kafin zafin bazara da wani kafin saukar damina, a rubuta sakamakon a littafin da ake rubuta katsewa, kuma wanda zai zare wayar ya kasance ma'aikacin da ke kwana a wurin, ba injiniyan da ya haɗa ta ba.